Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Makarantun Kuɗi Na Sakkwato: Su Wa Ke Zama Inda Ake Yanke Shawara?

Zuwa ga shugabannin ƙungiyar masu makarantu masu zaman kansu, NAPPS, reshen Jihar Sakkwato, da duk wani Alhaji ko Hajiya ko Malam da Allah ya ɗora wa riƙon makarantar kuɗi a wannan jiha.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwanmu masu makarantu da ba Musulmi ba, ku ma ina gaishe ku da fatan alheri, domin maganar ta shafe mu baki ɗaya.

Iyayena da yayyena, ni malama ce da ta koyar a makarantun kuɗi na cikin garin nan, kuma uwa ce da ke biyan kuɗin makaranta kowane zango. Na san wahalar da kuke sha. Na san kuɗin hayar gini, da kuɗin man janareto a watannin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, da haraji kala-kala, da iyayen da ke cin bashin zango biyu su ɗauke ɗansu su koma wata makaranta ba ko sallama. Daga Mabera zuwa Arkilla, daga Runjin Sambo zuwa Gawon Nama, yara da yawa sun iya karatu da rubutu ta hannunku. Allah ya saka muku da alheri.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami tambaya ce guda: a makarantunku, su wa ke zama a ɗakin da ake yanke shawara?

A mafi yawan makarantun da na sani, amsar mutum ɗaya ne. Mai makaranta shi ke tsayar da kuɗin zango, shi ke ɗaukar malami ya kuma sallame shi, shi ke cewa a karɓi wannan yaro a mayar da wancan. Idan aka ce akwai kwamitin amintattu, ka duba sunayen da aka kai wa hukumar rajistar kamfanoni: maigida ne da uwargida da ƙanensa da babban ɗansa. Mutanen kirki ne, ban ce ba. Amma gidansu ɗaya, aljihunsu ɗaya, abin da ɗaya bai gani ba sauran ma ba za su gani ba. Uwar da ke tara kuɗin adashe ta biya wa 'ya'ya uku ba ta da kujera a wurin. Malamar da ke wuni da yara arba'in a aji ba ta da ita. Uban yaron da ke tafiya a keken guragu ba shi da ita, haka ma Bayaraben da aka haifa a Sakkwato, ya girma a Sakkwato, yake Sakkwatanci kamar kowa. Duk abin da aka yanke a kansu yake sauka, amma sai dai su gan shi a takardar da aka cusa a jakar yaro.

Na san abin da za a ce mini, domin na sha jin sa: "Da kuɗina na gina makarantata, wanda bai gamsu ba ga hanya nan." Ranku ya daɗe, ginin naku ne, filin naku ne, ribar ma taku ce, halak malak. Yaran da ke ciki kuwa amana ce aka kawo muku. Ma'aikatar ilimi ce ta ba ku izinin buɗewa, manhajar ƙasa kuke koyarwa, jarrabawar WAEC da NECO yaranku ke zaunawa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro a Najeriya yana da haƙƙin shekara tara na karatun farko, kuma wani kaso na wannan haƙƙi a hannunku yake sauka. Wanda ke riƙe da haƙƙin al'umma, dole al'umma ta sami bakin magana a wurinsa. Mu da muke karanta "wa amruhum shura bainahum" a kullum, mu ne ya fi kamata mu ji nauyin tafiyar da makarantar yara ɗaruruwa ba tare da shawara ba.

Bari in fara da mata, domin a nan abin ya fi ci mini rai.

Ku shiga kowace makarantar nazare da firamare ku ƙirga malamai, za ku tarar mata sun fi yawa. Ku hau ofis ku duba wa ke riƙe da asusu, wa ke shugabanci, wa ake kira idan za a ƙara kuɗi. Ko inda mace ce shugabar makaranta, sau da yawa sunan ne nata, yanke magana na wani ne. Haka abin yake ta ɓangaren iyaye. Uwa ce ke tashi da asuba ta shirya yaro, ita ke duba aikin gida, ita ta san ranar da ya dawo yana kuka da abin da ya sa shi kukan. A gidaje da yawa ita ke cika kuɗin makarantar da ɗinki ko kiwo ko sayar da abinci. Amma sai a kira taron iyaye da malamai a lokacin da take tsakiyar girki, a gudanar da shi da Turanci daga farko har ƙarshe, maza su cika kujerun gaba, a tashi ba mace ɗaya da ta buɗe baki. Bayan nan a rubuta cewa iyaye sun amince.

Ga abin da rashin mata a ɗakin shawara ke haifarwa. Makaranta za ta kashe kuɗi ta yi wa katanga fenti ta kafa babban allon suna, alhali banɗakin 'yan mata ba ƙofa mai rufuwa, ba ruwa. Yarinyar da ta fara al'ada za ta riƙa fashin kwanaki duk wata, a rubuta mata rashin zuwa, ba wanda ya tambayi dalili. Malama za ta haihu a ce ta dawo kafin ta yi arba'in ko a ɗauki wata. Yarinya za ta fuskanci maganar banza daga wani malami ko direban motar makaranta, ta rasa macen da ke da iko da za ta kai wa kuka, domin duk wanda ke da iko namiji ne, wataƙila ma ɗan'uwan wanda take ƙara ne. Ba mugunta ke sa mai makaranta ya ƙyale waɗannan ba. Bai gan su ba ne, kuma babu wanda ke zaune kusa da shi da zai nuna masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada wani ya ce mana wannan ra'ayin Turawa ne aka shigo da shi. A ƙasar nan Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ba koyarwa kawai ta yi ba, tsari ta gina. Ta zaɓi dattawan mata ta naɗa su a matsayin jaji, wato jagora, ta ba kowace malfa da jan rawani alamar muƙami, ta ɗora musu jagorancin matan ƙauyuka. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa domin ilimi ya isa ga kowa da harshen da yake ji. Shehu da kansa ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Makarantu nawa ne a garin nan ke ɗauke da sunan Nana Asma'u ko na mahaifinta a ajujuwa da gidajen wasanni, amma ba mace ko ɗaya a kwamitin da ke duba kuɗinsu?

Sai maganar yara masu buƙata ta musamman. Jumlar da iyayensu suka haddace ita ce: "Ba mu da kayan aiki, ku kai shi Raji." Makarantar A. A. Raji, ta yara masu buƙata ta musamman, tana aikinta, kuma akwai yaran da lallai can ne ya dace da su, kamar kurman da ke buƙatar malamin maganar hannu ko makahon da zai koyi rubutun makafi. Amma makaranta ɗaya ba za ta ɗauke yaran ƙananan hukumomi 23 ba, kuma yawancin waɗanda ake mayarwa daga bakin ƙofa ba wasu kaya masu tsada suke buƙata ba. Yaron da shan-inna ya taɓa wa ƙafa, abin da yake so a sauko da ajinsa ƙasa, a zuba siminti a yi gangara a bakin ƙofa. Zabiya tana so a zaunar da ita kusa da allo, a rubuta mata da manyan baƙaƙe, a bar ta ta sa hula da riga mai dogon hannu, kada a tsayar da ita a rana lokacin taron safe. Mai ciwon sikila yana so a bar shi da gorar ruwansa, a ɗauke masa gudu da bulala, kuma idan ciwo ya kwantar da shi a makon jarrabawa a ba shi dama ya rubuta daga baya. Nawa ne kuɗin waɗannan? Abin da suke buƙata shi ne mutum ɗaya a kwamiti wanda ya san ciwon daga gidansa.

Akwai doka a kan wannan. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta nuna wa mutum bambanci saboda nakasarsa, ta sa tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani ko hukumar da ta yi haka, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a zuciya ya girmi wannan doka nesa ba kusa ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, a kansa Suratu Abasa ta sauka, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin sa a matsayin wakili a Madina idan zai yi tafiya. Ba tausaya masa kawai aka yi ba, iko aka danƙa masa. Muna koya wa yara wannan sura a aji ɗaya, sannan mu mayar da ɗan'uwansu daga bakin ƙofa.

Sakkwato ba ta taɓa zama garin ƙabila ɗaya ba. Gobirawa da Adarawa da Zabarmawa da Sulluɓawa da Torankawa da Buzaye da Nufawa duk sun zauna a nan tun zamanin Sarkin Musulmi Bello, daga baya Yarabawa da Ibo da mutanen Zuru da na sauran sassan ƙasa suka zo suka kafa gida. A nan ina so in yi magana a fili kuma da adalci. Makarantar da wata al'umma ta kafa domin koyar da addininta ga 'ya'yanta, kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ta wannan dama a sashe na 38. Wannan sashen kuma shi ne ya ce kada a tilasta wa ɗalibi a kowace makaranta karatun addini ko ibadar da ba ta addininsa ba ce, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. To, makarantar da ta buɗe ƙofa ta karɓi kuɗin kowa, wajibi ne ta san me za ta yi da ɗan Kirista a lokacin darasin addinin Musulunci, ban da a ce ya fita ya tsaya a baranda. Makarantar da Kirista ya mallaka wadda 'ya'yan Musulmi suka cika, wajibi ne ta tanadi wurin salla da lokacinta, ta bar 'yan mata da hijabinsu, ta tashi da wuri ranar Juma'a. Irin wannan magana idan aka bar ta sai ranar da rigima ta tashi, kowa ya san yadda take zama a ƙasar nan. Idan kuwa akwai uba Musulmi da uwa Kirista da ke zama a kwamiti ɗaya duk zango, sun san juna, sun sha ruwa tare, to cikin minti goma za a kashe ta tun tana ƙarama.

Ko a tsakaninmu Hausawa akwai bambancin da ba a faɗa. Yaron da ya zo daga ƙauye a yi masa dariya a kan harshensa, wani lokaci malami ne ke fara dariyar. A ci tarar yaro don ya yi Hausa a harabar makaranta, har ya fara jin kunyar harshen uwarsa. Sai kuma waɗanda tashin hankali ya koro daga Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, suka zauna a gefen gari. Wasunsu suna da ɗan abin biya, amma yaransu sun yi shekara ɗaya ko biyu ba karatu, sun ga abin da yaro bai kamata ya gani ba. A yi musu jarrabawar shiga irin ta kowa, su faɗi, a ce ba su cancanta ba. Wace makaranta ce ta zauna ta tsara musu ajin cike giɓi na zango ɗaya?

Ta fuskar kuɗi, tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 babu wanda bai ji a jikinsa ba, kuma ba mai hankalin da zai ce kada ku ƙara kuɗin makaranta. Yadda ake ƙarin ne abin dubawa. A sanar da shi mako ɗaya kafin komawa, a haɗa da kuɗin inifom da littattafan da dole a makaranta za a saya, ba bayani. Ranar jarrabawa a shiga aji a kira sunayen waɗanda ba su biya ba, a fitar da su a gaban abokansu. Yaro ɗan shekara bakwai me ya sani game da bashin ubansa? Wannan wulaƙancin yana bin yaro har girmansa. Kuma kowa ya sani, ɗan mai muƙami ba a kiran sunansa ko da ubansa ya fi kowa bashi, ba a dukansa idan ya yi laifi, shi ake ba shugaban ɗalibai. Yara suna gani. Darasin da suke ɗauka daga wannan ya fi zama a kansu fiye da duk abin da muka rubuta a allo game da adalci.

Malamai ma haka. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, kuma na san dokar ta ɗauke wa ƙananan wuraren aiki da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Amma akwai manyan makarantu da ke biyan mai takardar NCE ko digiri abin da bai kai rabin wannan ba, ba takardar ɗaukar aiki, ba albashi a watan hutu. Malamai biyu masu takarda iri ɗaya, aiki iri ɗaya, albashinsu ya bambanta don ɗaya ɗan gida ne. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari suna yaye matasa kowace shekara, cikinsu har da masu nakasa da suka yi karatu da ƙyar da jiɓin goshi. Ku tallata gurbin aiki a fili, ku sa mutum uku su yi tantancewa, ku ga irin malaman da za ku samu.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba, kuma ba sabon abu ba ne a jihar nan. Makarantun gwamnati suna da kwamitocin gudanarwa na al'umma, inda tsari ya tanadi kujera ga mata da tsofaffin ɗalibai da masu sana'a da malaman addini da wakilin mai unguwa, har da ɗalibai. Wasu suna aiki, wasu suna barci, amma tsarin yana nan. Ina roƙon kowace makarantar kuɗi ta kafa majalisar gudanarwa ta gaskiya, mai makaranta ya shugabance ta, amma 'yan gidansa kada su kai rabi. Iyaye su zaɓi wakilansu da kansu, kada a nuna musu, kuma a cikinsu lallai a sami mata. Malamai su zaɓi nasu, a kuma rubuta cewa ba za a sallame shi don abin da ya faɗa a zama ba, in ba haka ba zai zauna ne yana gyaɗa kai. A ware kujera ga mai nakasa ko mahaifin yaro mai buƙata ta musamman. Inda makaranta ke da yaran addini biyu ko ƙabilu da yawa, a ga fuskokinsu a wurin.

Abin da zai bambanta wannan majalisa da ta ado shi ne ikon da aka ba ta. Ƙarin kuɗin makaranta ya bi ta gabanta, a nuna mata abin da ke shiga da abin da ke fita, ko da a dunƙule ne, a kuma ba iyaye zango guda cur kafin ya fara aiki. Kada a kori yaro ko a ƙi karɓarsa sai an rubuta dalili, iyayensa kuma su sami inda za su ɗaukaka ƙara. Idan makaranta na ba da gurbin karatu kyauta ga marayu da marasa ƙarfi, kuma na san da yawanku kuna yi don Allah, a rubuta sharuɗɗan a manna a allon sanarwa domin marayan da ba shi da kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A yi zama da Hausa, a fassara wa wanda ba ya ji, a sa lokacin da uwa za ta iya fitowa. A naɗa mace mai iko wadda kowace yarinya ta san sunanta da ofishinta. Jihar nan ta yi dokar kare yara a 2021, kuma makarantar da ba ta da irin wannan mace tana wasa da amanar da dokar ta ɗora mata.

Wani zai ji tsoron cewa makaranta za ta kuɓuce masa. Abin da na gani da idona akasin haka ne. Iyayen da aka nuna wa kuɗin dizal da na haya sun fi saurin yarda da ƙari fiye da waɗanda aka aika wa takarda. Malamin da ake jin maganarsa ba ya gudu a tsakiyar zango. Kuma makarantar da ke da majalisa tana rayuwa bayan mai ita. Mun ga makarantu masu suna da suka durƙushe bayan rasuwar wanda ya kafa su, magada suka shiga rabon gado, yara suka watse, malamai suka tafi da bashin albashi, domin komai a kan mutum ɗaya yake.

Ga shugabannin ƙungiya, ku ne kuka fi kowa iya fara wannan. Ku sa maganar a ajandar babban taronku na gaba. Ku rubuta samfurin ƙa'idar majalisar gudanarwa mai shafi biyu ko uku, da Hausa da Turanci, wanda ƙaramar makaranta a Gwadabawa ko Tambuwal za ta iya ɗauka ta yi aiki da shi. Ku gayyaci ƙungiyoyin masu nakasa da na mata da wakilan malamai su duba shi kafin ku fitar. Ku nemi makarantun shugabanninku su fara gwadawa a shekarar karatu mai zuwa, sannan ku kai wa ma'aikatar ilimi ku ce ta sa shi cikin abin da masu duba makarantu ke tambaya idan sun zo sabunta izini, su nemi ganin sunayen 'yan majalisa da rubutaccen bayanin zamansu na ƙarshe.

Ina jiran jin ranar da za ku zauna a kan wannan magana, kuma idan kun buɗe ƙofa ga iyaye, mu mata za mu zo.

Wassalam.

'Yarku kuma 'yar'uwarku,
Malama, uwar ɗalibai,
Sakkwato.